Soda, kanwa, kafur da fetur: tambayoyi da amsoshi kan sunayen da ke rikita mu a shigowar sanyi

Da zarar ruwan sama ya ɗauke a wajejen ƙarshen Oktoba, aka shiga yankan gero da dashen masakwa a karkarar Marwa, auduga kuma ta fara farfashewa a gonakin da ke kewaye da Garwa a arewacin Kamaru, sai gidaje su shiga wata hidima ta daban. A buɗe akwatuna a fito da rigunan sanyi da barguna, a wanke, a shanya, wasu kuma su kai tsofaffin shaddodinsu wurin marina. Kusan duk wannan hidima da sinadarai ake yin ta, kuma mafi yawansu a ƙulle cikin leda ake sayo su, babu takarda, babu rubutu, sai dai sunan da mai sayarwa ya faɗa.

Tambaya: Me ya haɗa hirar yau da kullum da ilimin sinadarai?

Amsa: Abin da ya haɗa su shi ne, a cikin hira muke karɓar yawancin shawarwarin da muke aiki da su. Mace za ta leƙa ta katanga ta ce, “Ina kwana, Hajiya, yaya sanyi?” A amsa mata da cewa, “Sanyi lokacinsa ne,” daga nan magana ta gangara kan tarin yara da faso da bargon da ya ƙi fita, har maƙwabciya ta ce, “Ai Yaya, ɗan soda za ki zuba masa.” Shawarar da zuciya ɗaya aka ba da ita, kuma sau da yawa daidai ce. Matsalar ita ce a yankinmu magana ɗaya takan ratsa Hausa da Fulatanci da Larabcin Chadi da Faransanci kafin ta iso kunnen mai aiki da ita, sannan ga kayan da ke shigowa daga Mubi da Yola da Maiduguri ɗauke da rubutun Turanci. A wannan tafiya sunan yakan tsaya yadda yake, amma abin da ake nufi da shi ya canza. Ban ga laifin hirar ba, domin ta nan ne uwa ke koya wa ’ya, maƙwabci ke taimakon maƙwabci. Abin da ya rage mata shi ne tambaya guda da ba mu saba yi ba: wace sodar?

Tambaya: To soda iri nawa ce?

Amsa: Iri uku ce a kasuwanninmu, dukkansu farare ne, dukkansu kuma akwai sinadarin sodiyam a cikinsu, amma kama da wane ba wane ba ne.

Ta farko ita ce sodar girki, garin nan mai laushi da ake sa wa cincin da kek domin su tashi. A jikin kwalinta ana rubuta “bicarbonate”, alamarta a ilimin sinadarai kuma NaHCO3. A ma’aunin pH, wanda ke auna tsami ko kaifin sinadari daga 0 zuwa 14, tsabtataccen ruwa yana tsakiya a kan 7, ita kuwa tana wajen 8, wato kaifinta kaɗan ne, shi ya sa ake ci. Ta biyu ita ce sodar wanki, Na2CO3, wadda masu Faransanci ke sayarwa da sunan “cristaux de soude”. Ita tana kai wajen 11, tana cire maiƙo da dauɗa sosai, tana busar da hannu, kuma ba abin sa wa a abinci ba ce.

Ta uku ita ce abin tsoro, wato sodar sabulu, NaOH, wadda buhunta ke ɗauke da “soude caustique”. Takan zo ɓare-ɓare kamar fasasshen gilashi ko ƙananan ƙwayoyi, kuma duk wanda ya taɓa ganin ana haɗa sabulu a gida ya san halinta: da an zuba ta a ruwa sai bokitin ya ɗauki zafi da kansa, tururi mai shaƙe maƙogwaro ya tashi, idan kuma ɗigo ya taɓa yatsa sai a ji santsi, wanda ba komai ba ne illa fatar ce ta fara narkewa. Ruwanta yana kai 13 zuwa 14 a wancan ma’auni. Ƙa’idar aiki da ita ita ce a riƙa zuba ta kaɗan-kaɗan cikin ruwa, kada a kwara mata ruwa a kai, kuma kada a jiƙa ta a tukunyar alminiyam, domin tana cin tukunyar tana fitar da iska mai kama wuta. Idan ta taɓa fata ko ido, a yi ta kwarara ruwa na minti 20 ko fiye, sannan a nufi asibiti.

Abin da ya fi damuna game da ita shi ne yadda ake ajiye jiƙaƙƙen ruwanta a gorar ruwan sha ko kofi a tsakar gida. Ba shi da launi, yaro mai ƙishirwa ba zai bambanta shi da ruwa ba, kuma kurɓa ɗaya tana iya ƙona maƙoshi ta yadda bayan makonni hanyar abinci za ta tsuke, yaron ya kasa haɗiye ko kunu. Idan hakan ta faru kada a sa shi amai, domin sodar za ta sake ƙona hanyar da ta bi, kada kuma a ɗura masa manja ko lemon tsami. A gaggauta kai shi wurin likita tare da samfurin abin da ya sha.

Tambaya: Kanwa fa? Wasu na cewa ita ce fotash.

Amsa: Wannan kuskure ne da ya daɗe har ya shiga bakin ’yan boko. Kanwar da ake haƙowa a kwazazzaban yankin Kanem na ƙasar Chadi da arewacin Tafkin Chadi, wadda tun zamanin da ake loda ta falle-falle a jiragen ruwa a tsallaka da ita zuwa Baga, daga nan fatake su watsa ta a kasuwannin ƙasar Hausa, gishirin sodiyam ce. Asalinta gaurayen sodar girki ne da sodar wanki, tare da gishiri da yashi da sauran abin da ƙasa ta haɗa mata. Shi ya sa take nunar da wake da wuri, take ƙara wa miyar kuɓewa yauƙi, kuma shi ya sa Faransawa ke kiranta “natron”. Fotash na gaskiya kuwa gishirin fotasiyam ne, kuma shi ne ke cikin ruwan tokar da iyayenmu mata ke tacewa daga tokar karan gero ko na dawa. Sodiyam da fotasiyam sun yi kama ƙwarai a halayensu, har sai a shekarar 1807 wani masani ɗan Ingila mai suna Humphry Davy ya ware kowannensu shi kaɗai.

Bambancin yana da amfani a aikace. Mai hawan jini da likita ya hana shi yawan gishiri, sodiyam ɗin da ke cikin gishirin aka hana shi, don haka kunun kanwa da miyar da ta ji kanwa suna cikin lissafi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada baligi ya kai giram 2 na sodiyam a rana, wato kimanin giram 5 na gishiri. Haka kuma manomin da ya ji malamin gona yana maganar “potasse” a takin NPK, kada ya ɗauka daka kanwa zai yi ya watsa a gona, domin yawan sodiyam ɓata ƙasa yake yi, ya sa ta daskare, ruwa ya kasa ratsa ta.

Tambaya: Rigunan sanyin gwanjo da ke cika kasuwa a wannan lokaci, sun dace da kakarmu?

Amsa: Wasu sun dace, wasu ba su dace ba, domin an ɗinka su ne don wata kakar daban. Kakar Turai, daga ƙarshen Satumba zuwa Disamba, lokaci ne na yayyafi da danshi da sanyin da ke wuni, saboda haka kwat-kwat ɗinsu masu nauyi ne, da yawa kuma an yi musu rufin da ke hana ruwa shiga. Tamu kakar busasshiya ce. A Oktoba da farkon Nuwamba ma zafi ake yi da rana, sai hunturu ya kankama a Disamba da Janairu sannan asuba ke yin sanyi, inda a Njamena ma’auni kan sauka zuwa wajen digiri 14, amma da azahar ya haura 30. Ngaundere ce, da yake tana kan tudu mai tsawon kimanin mita 1,100, dare ke ɗan daɗewa da sanyi. Abin da ya dace da irin wannan yanayi shi ne tufafin da ake ɗorawa ana cirewa: rigar auduga a jiki, suwaita mara nauyi a kai, da hirami ko mayafi don kare wuya da hanci daga ƙura. Ɗan acaɓa da ke fita tun kiran sallar farko shi ne ke buƙatar jaket mai tare iska. Jariri kuwa, da ake naɗe shi da hula da safa da bargo har rana ta take, ya kamata a riƙa sassauta masa da hantsi.

A nan ma akwai sunan da ke ruɗarwa, wato ulu. Ulun gaskiya gashin tumaki ne, amma yawancin abin da ake saƙa wa jarirai da shi, da suwaitocin da ake kira na ulu, zaren roba ne da ake samu daga man fetur, wanda takardar wuyan rigar ke kira “acrylique” ko “polyester”. Idan takardar ta cire, a zare ɗan zare daga cikin ɗinki a kusantar da shi ga ashana. Ulun gaskiya yana warin ƙonannen gashi, ya bar baƙin gawayi mai murmushewa a yatsa. Auduga tana warin ƙonanniyar takarda, ta bar toka mai laushi. Na roba kuwa narkewa yake yi ya dunƙule ya zama ɗan tauri, kuma wannan narkewa ita ce dalilin da ya sa bai kamata yaro mai irin wannan riga ya zauna dab da wutar jin ɗumi ba, domin idan ta kama, manne wa fata take yi.

Tambaya: Da me ya kamata a wanke su? Ruwan jabel zai yi?

Amsa: Ya danganta da zaren. Auduga tana jure soda, har ma wani masani ɗan Ingila, John Mercer, ya gano a 1844 cewa jiƙa ta a ruwan sodar sabulu yana sa ta ƙara ƙarfi da kama rini, daga baya kuma aka gano cewa idan an yi hakan zaren yana miƙe, sheƙi yake yi, wanda yana daga cikin sirrin ƙyallin shadda mai tsada. Ulun gaskiya akasin haka ne. Da shi da gashin kanmu abu ɗaya ne, don haka sodar sabulu narkar da shi take yi, sodar wanki ta sa shi kaushi, ruwan jabel, wanda a Najeriya ake kira bilic, ya mai da shi rawaya ya ruɓar da shi. Ana wanke shi da ruwan da bai wuce digiri 30 ba da sabulu mai laushi, ba a cuɗa shi da ƙarfi, ba a murɗe shi, sannan a shimfiɗa shi a inuwa ya bushe. Alamar kusurwa uku da aka soke da gicciye a jikin takardar riga tana nufin kada jabel ya taɓa ta.

Shi kuma jabel, da ruwa kaɗai ake gauraya shi. Haɗa shi da asid ɗin wanke banɗaki ko ruwan binega yana sakin iskar kulorin mai ƙona huhu, kuma a banɗakunanmu masu ƙaramar taga numfashi kaɗan ya isa ya kwantar da mutum.

Tambaya: Warin kafur da ke tashi idan an buɗe akwati, yana da illa?

Amsa: Yana iya yin illa, musamman ga jarirai, kuma wannan ita ce tambayar da na fi so iyaye mata su tsaya a kanta. Abu biyu muke kira kafur. Akwai na asali, wanda ake samu daga wata bishiya ta gabashin Asiya, mai ƙamshin da ake ji a man zafi. Akwai kuma fararen ƙwallayen nan da ake jefawa cikin kaya, waɗanda mafi yawansu naftalin ne, sinadarin da ake cirowa daga kwalta da man fetur. Ƙwallon naftalin ba ya narkewa ya zama ruwa, ƙanƙancewa yake yi a hankali yana zama iska, iskar ta shige cikin zaren tufafi ta zauna.

Mutane da yawa a Afirka kudu da Sahara, musamman maza, ana haifarsu da ƙarancin wani sinadarin jini da likitoci ke kira G6PD, kuma galibi ba su san suna da shi ba, domin lafiyarsu ƙalau har sai sun haɗu da abin da ke tayar da shi. Naftalin yana cikin waɗannan abubuwa. Jaririn da ke da wannan ƙaranci, idan aka naɗe shi da zanen goyo ko bargon da ya sha naftalin, sinadarin yana shiga ta numfashi da ta fata, musamman fatar da aka shafe da mai, sai jajayen ƙwayoyin jininsa su fara fashewa. Alamomin su ne idanu da jiki su yi rawaya, fitsari ya yi duhu kamar baƙin shayi, jariri ya yi laushi ya ƙi kama nono. Cutar shawara mai tsanani a kwanakin farko na haihuwa tana iya taɓa ƙwaƙwalwa har abada, saboda haka asibiti ake kai ta a ranar, ba a tsaya jiƙe-jiƙe ba. Tarayyar Turai ta hana sayar da waɗannan ƙwallaye tun 2008, amma a wurinmu suna nan a teburin kowane mai koli.

Wanki ɗaya ba lallai ya raba kaya da naftalin ba, domin ba ya narkewa sosai a ruwa. A shanya su a rana da iska kwanaki, a wanke, a sake shanyawa har hanci ya daina jin komai, kayan jariri kuwa tun farko kada a ajiye su tare da shi. Abin takaici ma shi ne sau da yawa ba a buƙatarsa, domin tsutsar da ke cin ulu ba ta cin zaren roba, kuma kayan da aka wanke tas, suka bushe, aka rufe a jaka mai kyau, ba su cika jan ƙwari ba. Kafur na asali shi ma ba abin haɗiya ba ne, ɗan kaɗan yana iya jefa yaro cikin jijjiga.

Tambaya: Me ya sa yadi ke fitowa daga rini kore, sannan ya koma shuɗi?

Amsa: Shunin baba ba ya narkewa a ruwa, don haka ba zai shiga zare ba sai an sauya masa hali. A karofin gargajiya, ganyen baba da ruwan toka ake bari su kwana da kwanaki, ƙananan halittun da ke cikin ramin su sauya shunin ya zama mai narkewa, launinsa ya koma kore mai ratsin rawaya. Marini zai tsoma yadin ya juya shi a ƙarƙashin ruwa, ya ɗago shi yana ɗiga kore shar, ya warware shi ga iska, sai ka ga shuɗin yana bin gefuna da ninki yana mamaye tsakiya kafin minti kaɗan, domin iskar ta mai da shunin halinsa na farko a cikin zaren, inda ya maƙale. Tun da kamfanin BASF na Jamus ya fara sayar da shunin masana’anta a 1897 aikin ya fara sauyawa, kuma yau yawancin masu rinin shadda sodar sabulu suke zubawa a madadin toka, da wani farin gari mai warin ƙibiritu da buhunsa ke ɗauke da “hydrosulfite”, wanda ke yin aikin kwanaki cikin mintuna. Wannan gari daban yake da takin “sulfate” da manoma suka sani, ko da sunayen sun yi kusa. Idan danshi kaɗan ya taɓa shi a ajiye yana ɗaukar zafi har ya kama wuta, don haka a rufe shi ruf a busasshen wuri. Mai rini ya sa safar hannu ta roba mai tsawo, kuma kada a kwarara ruwan da ya rage kusa da rijiya ko a kwatar da yara ke wasa.

Tambaya: Shin “pétrole” ba shi ne fetur ba?

Amsa: Ba shi ba ne, kuma a garuruwan kan iyaka wannan ruɗani yana iya tayar da gobara. A Faransancin Kamaru da Chadi “pétrole” kananzir ne, na fitila da risho, fetur kuwa “essence” ko “super” ake ce masa. Yaron da aka aika da kalmar Faransanci wurin mai zuwa-zuwa (mai sayar da mai a kwalba a bakin hanya) da ke tunani da Hausa yana iya dawowa da kwalbar da ba ita ba. Kananzir ba ya fitar da tururin da zai kama wuta sai ya yi ɗumin kimanin digiri 38, fetur kuwa yana fitar da shi ko a sanyin digiri 40 ƙasa da sifili, kuma tururin ya fi iska nauyi, yana bin ƙasa har ya iske murhu a ɗaya gefen tsakar gida. Saboda haka al’adar goge tabon mai a jikin jaket da fetur haɗari ce, balle a busasshiyar iskar hunturu da rigar roba ke tartsatsi da kanta idan ana cire ta. A barbaɗa wa tabon garin alli ko hoda ya tsotse man, sannan a bi shi da sabulun wanke kwanuka.

Tambaya: Idan gawayi ya daina hayaƙi, ba za a iya shiga da kasko ɗaki a rufe ƙofa ba?

Amsa: Ba za a iya ba. Iska biyu ce ke fita daga gawayi, sunayensu kusan ɗaya. Kabon dayoksaid, CO2, ita ce wadda muke fitarwa a numfashi, ita ce kuma kumfar lemon kwalba. Kabon monoksaid, CO, tana samuwa ne idan gawayi na ci a wurin da iska ba ta wadata ba, kuma ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta sa tari. Jan garwashin da ya daina hayaƙi yana ci gaba da fitar da ita. Tana kama jini fiye da yadda iskar oksijin ke kama shi sau 200 da ɗoriya, don haka mai barci yana numfashi amma jikinsa ba ya samun abin da yake buƙata, kuma ba ya farkawa balle ya nemi ƙofa. Janareton da aka tayar a zaure ko a baranda mai rufi shi ma haka yake.

A ɗumama ɗaki idan ana so, amma a fitar da kaskon kafin a kwanta, a bar taga a ɗan buɗe, a ƙara bargo. Idan mutanen ɗaki ɗaya suka tashi gaba ɗaya da ciwon kai da jiri da tashin zuciya, kada a ce zazzaɓin cizon sauro ne ya kama su a dare ɗaya. A buɗe ƙofa da tagogi, a fito da kowa fili, a fara da yara da masu juna biyu da tsofaffi, a kai su asibitin da ke da oksijin ko da sun ce sun ji sauƙi, domin madara da manja ba sa fitar da wannan iska daga jini.